Falma, Sunan da Kaka Ya Ƙi Yarwa

Shekaranjiya wani jikana ya baje a tsakar ɗakina yana gyaran fanka. Ya ɗora ɗan ƙarfensa mai zafi a kan dalma, wani siririn hayaƙi ya tashi, ban san sanda carbi ya suɓuce mini ba. Warin dalma in ta narke yana da ɗan ɗaci mai tsaya wa mutum a maƙogwaro, kuma ni duk inda na shaƙe shi sai gabana ya faɗi, ko da ina tsakiyar dariya ne. Yaron ya ɗago ya tambaye ni ko ya buɗe taga. Na ce ya yi aikinsa. Ina zai gane? Kakana na tuna, zaune a bakin hanya da garwa tsakanin gwiwoyinsa.

A Makka aka haife ni, a kan dutsen da ke bayan unguwar Mansur, cikin irin ɗakunan nan da ake haɗawa da fasassun garewani da katakon akwati, waɗanda muke kira sandaƙa. In rana ta take ba ka isa ka jingina da bango ba. Ni da Baba da Inna a ɗaki ɗaya, Kaka da matarsa Iya a ɗayan. Kaka shi ya haifi Baba. A ƙasa ya zo, ta garin Farlomi da Sudan, ya yi shekara da shekaru a hanya, a can ya auri Iya, a can aka haifi Baba. Duk gidanmu babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, babu mai fasfo, haka ma rabin mutanen dutsen. Kafin in iya Fatiha an koya mini cewa in baƙo ya tambaye ni ina babana, in ce ban sani ba. Da tsoro muka taso kamar yadda muka taso da zafi, har mun daina lura da shi.

Sana'ar Kaka liƙin garwa. A lokacin ba a ja mana famfo ba, ruwa sai a bazan, wato wurin ɗiba na unguwa, kuma yawancin 'yan garuwan da ke hawa da shi kan duwatsu mutanenmu ne. Garwa biyu, sanda a kafaɗa, tun asuba har faɗuwar rana. Ita kuwa garwa ba ta da amana, yau ta tsage a gindi, gobe ta huje a kusurwa, sai a kawo wa Kaka. Yana da gurbinsa a gindin wani bango kusa da masu tuwo, da ɗan kaskon gawayinsa. Ni nake kai masa abinci da hantsi, in na kai kuma ba na komowa sai an aiko. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, yana cewa sadakina sai ranar da garewani suka daina yoyo. Kunnensa na hagu ba ya ji, sai ka zagayo ta dama. Duk unguwa Mai-dalma ake ce masa. Ban taɓa jin wani suna ba, ban kuma taɓa zaton akwai ba.

Ina wajen shekara tara abin ya faru, bayan an sauko daga Mina. Lokacin jirgin sama ya fara kawo alhazan gida da yawa, in sun gama aiki sai su gangaro Mansur neman tuwo da miyar kuka, don shinkafar Larabawa ta ishe su. Ran nan ina tsugune ina fifita wa Kaka gawayi, sai wani tsoho ya zo wucewa, da sabon haƙorin zinariya yana ta yaƙe baki don a gani. Ya wuce, ya dawo da baya, ya ƙura wa Kaka ido. Sai ya saki buta ya buɗe murya, irin ta mutumin da bai taɓa ɓuya ba a rayuwarsa.

"Falma! Kai, Falma yaron Bature! Ashe kana duniya?"

Ya rungume shi yana kuka yana dariya. Wallahi bawan Allah nan da zuciya ɗaya ya yi. Shi a ganinsa abin alfahari ne, don haka ya juya ga 'yan garuwan da ke jiran garewaninsu, da masu cin tuwo, ya shiga ba su labari. Wai tare suka yi aikin hanyar jirgin ƙasa suna samari. Wai wannan da suke gani a hannun Bature ya girma, Baturen ya ba shi sunansa, da gajeren wando yake yawo, in yana Turanci sai ka rantse daga Ingila aka sauke shi. Ni dai hannun Kaka nake kallo. Ƙarfen liƙin yana sama, dalma tana ɗiga ƙasa, bai ko motsa ba. Tsohon ya damƙa masa goro, ya yi addu'o'i, ya tafi. Ba mu sake ganinsa ba. Ya kunna mana wuta ya hau jirginsa.

Kai mai karatu, in ba ka zauna a nan ba, ba za ka san nauyin maganar nan ba. Makka wanda ba Musulmi ba ba ya shigarta, da rai ko a mace. Mu kuma da muke zaune ba takarda, abin da ya rufa mana asiri ɗaya ne, kowa ya san ɗakin Allah ya kawo mu. In aka cire wannan, me ya rage? Kafin mako ya zagayo magana ta hau dutse ta sauka. Wanda ya ji an ce Bature ya rene shi ya ce a mishan ya tashi. Wanda ya ji mishan ya ce an yi masa wankan Nasara. Wata ma ta rantse ta taɓa ganin yana salla bai ɗaga yatsa ba. Mutumin da ya shekara fiye da talatin yana sahun gaba a masallacin unguwa! Kai, baki shi ke yanka wuya.

Garewani suka fara raguwa a gaban Kaka. Ba wanda ya zage shi, a'a, gaisuwa ma sai da ta ƙaru, irin gaisuwar da ake yi ana tafiya. Cewa suke ruwan alwala ake ɗauka a ciki, gara dai a yi hattara. Suka koma wurin wani mai liƙi can unguwar Zahir, duk da nisan, duk da liƙinsa ba ya kwana uku. Har ruwan gidanmu sai da suka riƙa mantawa da shi, Baba ya koma ɗebowa da kansa bayan ya taso daga dako. Baba mutum ne mara magana, amma a kwanakin nan na ji shi ta jikin bango yana tambayar mahaifinsa don me bai taɓa gaya masa ba. Ban ji amsar ba. Kaka kuwa kullum sai ya fita, ya hura gawayinsa, ya zauna har ya zama toka.

Duk wannan bai shiga jikina ba kamar ranar da aka kai ni kitso. Maƙwabciyarmu ce mai kitson, doguwar mace mai bakin tsiya, Allah Ya gafarta mata. Ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta, tana tsaga tana hira da wata, kamar ba ni da kunne. Ta ce ai ƙasar Makka ba a yi mata dabara. Wai akwai wasu raƙuma na mala'iku da aikinsu ke nan, kwasar gawa. Wanda aka binne a nan alhali zuciyarsa tana wajen Nasara, sai a ɗauke shi daga kabarinsa a kai shi ƙasarsu, a ɗauko wani na can da ya mutu yana son Musulunci a sa a gurbinsa. Ta ce an taɓa buɗe kabarin wani babban attajiri, sai ga Baturiya kwance da jan gashinta, ko ruɓewa ba ta yi ba. Ɗayar ta yi salati. Mai kitso ta ja gashina ta ce, to ina ga wanda har sunansu yake ɗauke da shi.

Yanzu na sani malamai sun ce labarin nan ba shi da tushe. Amma je ka gaya wa 'yar shekara tara. Na dawo gida da kitso rabi, na ce kaina ke ciwo. Daga ranar ban ƙara ganin raƙumi na tsaya ba, kuma lokacin suna nan da yawa, ana shigo da gawayi da itace a kansu. In na ji ƙarar ƙararrawarsu sai in sauya hanya. Na riƙa ganin Kaka a ɗaure a bayan raƙumi cikin likkafani, ana ratsa teku da shi zuwa wata ƙasa mai sanyi inda ba wanda zai kira shi Mai-dalma, ba wanda ya san kunnen da zai yi masa magana. Ban gaya wa kowa ba. Na ji tsoron in na faɗa ya tabbata.

Da zafi ya tsananta a shekarar, irin wanda iska ke busowa kamar daga bakin tanda, Kaka ya kwanta. Tari ne da kumburin ƙafa. Asibiti ba ta taso ba, don a can sai an tambayi takarda. Iya ta yi jiƙe-jiƙenta, aka kawo zamzam, abu ya ƙi. Kowa ya ga inda aka dosa.

A nan ne tsoron manya ya haɗu da nawa. Mu marasa takarda, in mutum ya mutu, sai shehun unguwa, dattijon da Hausawan dutse suka ɗauka shugaba, ya je wurin umda, wato mai unguwar hukuma, ya shaida cewa ya san mamacin, Musulmi ne, ajalinsa ne ya zo. Da wannan shaidar ake samun izinin rami. In shehu ya noƙe, gawa ta zama ta hukuma, tambayoyi su biyo baya, in kuwa maganar Nasaranci ta shiga kunnen da bai kamata ba, sai a fitar da ita bayan iyakar Harami, mu kuma a kwashe mu. Mai wankan gawa ya riga ya aiko wa Baba a fakaice cewa shi hannunsa ba ya taɓa abin da bai tabbatar ba. Mutumin da ya taka daga ƙasar Hausa har nan don ya kwanta a Makka, ga shi ramin ma yana neman ya gagare shi.

Wata la'asar shehun unguwa ya hawo da limamin masallacinmu da mai wankan. Ina zaune a gefen tabarma ina yi wa Kaka fifita. Aka ce in fita, Kaka ya ce a bar masa amaryarsa, iska yake so. Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa da ya jiki, shehu ya yi gyaran murya ya ce ba da sharri suka zo ba, so suke su ji daga bakinsa, don gobe in an tambaye su su san abin faɗa.

Kaka ya fara, yana yi yana hutawa. Ya ce shi bai san garinsu ba. Abin da ya iya tunawa duwatsu ne da wata mace mai tsaga a goshi, sai yunwa, sai igiya. Yana ƙaramin yaro aka sayar da shi, ya bi hannu ya bi hannu, har ya faɗo ga wani falke da yake ɗaure shi a jikin jaki. Ya ce falken ba ya wasa da salla, in zai yi sai ya ƙara ɗaure shi tukuna. Wata rana suka zo wucewa inda ake gina gadar jirgi a kan wani kogi, Baturen da ke kula da aikin ya ga gyambon igiya a wuyansa, ya sa aka kwance shi, aka kori falken. Ba wani babban Bature ba ne, ba Razdan ba, ba Joji ba, mai ɗaure ƙarfe ne kawai, hannunsa duk kanta. Da leburori suka riƙa tambayar yaron ɗan wa ne, shi kuma yana kuka don bai sani ba, sai Baturen ya ce wa tafinta a gaya musu nasa ne, a kira shi da sunansa.

Liman ya tambaya ko ya kai shi coci. Kaka ya yi wata 'yar dariya da ta zama tari. Ya ce mutumin da shi kansa ba ya zuwa? Kukunsa ya danƙa wa shi, wani Bakano, a wurinsa ya koyi salla da karatu, a wurin Baturen kuma ya koyi liƙi. Ya ce kada su ɗauka labarin waliyyi yake ba su, Baturen mashayi ne, ga zafin hannu, shi ya kashe masa kunnen nan da mari a kan fitila. Amma bai taɓa barinsa da yunwa ba, bai kuma taɓa ɗaure shi ba.

Sai shehu ya tambayi abin da sunan yake nufi, ko sunan wani abin bautarsu ne. Kaka ya ce shi ma bai sani ba sai ranar rabuwa. Baturen zai koma gida, ya tambaye shi me zai yi da kansa, ya ce gabas zai nufa a ƙasa, zuwa ɗakin Allah. Baturen ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zaunar da shi ya ce bari ya gaya masa wani abu. Ya ce su a ƙasarsu sunan gida gado ne, daga kakan kakanni yake gangarowa, wani daga sana'a, kamar a ce maƙeri ko majemi, wani daga gari, wani daga sunan uba. Nasa kuwa daga tafiya ya samo asali. A zamanin da, mutanensu kan tashi a ƙasa su tafi ziyara Baitul Muƙaddas, da yawa su mutu a hanya. Wanda ya komo da rai sai ya zo da reshen dabino a hannu, shaidar ya isa, sai a riƙa kiransa mai reshen dabino. Shi ne Falma, daga nan 'ya'ya da jikoki suka gada. Baturen ya ce a gidansu an yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya taka ko'ina don Allah, suna kawai ya rage musu. Ya ce masa ya je, ko sunan ya samu mai shi.

Ni na ɗauka shi ke nan, an wanke shi. Sai na ga liman ya kalli mai wanka, sannan ya ce ashe ma sunan masu ziyarar Nasara ne. Shehu ya matso ta kunnen dama, ya tausasa murya, ya ce abin mai sauƙi ne. Ya faɗa a gabansu cewa ya yar da sunan nan, ya barranta da mai shi duniya da lahira, su kuma su je su gaya wa jama'a sun ji da kunnensu, magana ta mutu.

Kaka ya ɗaga yatsa ya yi kalmar shahada, a hankali, har ƙarshe. Sannan ya sauke hannu.

"Wannan na faɗa, zan kuma faɗa har raina ya fita. Amma mutumin da ya kwance mini igiya, ba zan ce ban san shi ba don ku ba ni rami."

Ban san sanda na yar da mafici na kama ƙafarsa ba. Kumburarriyar ƙafar nan, yatsuna har suna nutsewa. Ina kuka ina cewa, "Kaka ka faɗa mana, don Allah ka ce ka bari, za su ɗauke ka!" Su sun zaci hukuma nake nufi. Ya dube ni da jajayen idanunsa ya ce, "Amarya, ɗauki maficinki, zafi nake ji." Dattawan suka tashi, suka yi masa fatan sauƙi, suka sa takalmansu. Ba wanda ya ce e, ba wanda ya ce a'a. Ranar na ji haushin Kaka kamar in dake shi. Kalma nawa ce? Me zai rage shi?

Bai ƙara mako ba. Da safe ya cika, rana ta ɗan ɗaga, Iya tana ba shi ruwa a cokali. Baba ya rufe masa ido, ya aika yaron maƙwabta wurin shehu da mai wanka, ya fito ya zauna a dokin ƙofa. Muka shiga jira. Wanda ya san zafin Makka ya san gawa ba ta jira a ɗakin kwano. Hantsi ya yi, ba kowa. Mata biyu suka leƙo suka yi wa Iya gaisuwa daga tsaye suka zame. Inna ta jiƙa tsumma ta rataya a ƙofar ɗakin, ya bushe, ta sake jiƙawa, har ruwan randa ya kusa ƙarewa. Iya ba ta yi kuka ba, tana zaune tana korar ƙuda daga mayafin da aka rufe shi da shi, bakinta yana motsi. Ni kuwa ina maƙale a bayan Baba ina kallon hanyar da ta gangara, duk wanda ya ɓullo sai in leƙa in ga ko rawanin shehu ne ko hular askar, wato ɗan sanda. Na ga gumi yana bin ƙeyar Baba yana shiga rigarsa. Aka kira azahar a ƙasa, muna nan.

Wanda ya fara hawowa wani tsohon ɗan garuwa ne, mutumin Damagaram, mai ɗingishi, wanda ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi da shi ba. Ya sauke garewaninsa biyu a gaban Baba, ya goge fuska, ya ce ruwan wanka ne. Ya nemi gefe ya tsuguna. Can sai ga wani, sai ga wani. Ba su zo tare ba, kowa kamar kunyar ɗan'uwansa yake ji, amma suka yi ta jerawa har ƙofar ta cika, ga ruwan da ya fi ƙarfin wankan mutum goma. Da mai wanka ya hango taron daga ƙasa, sai ga shi da ganyen magarya da kafur yana haki, wai aiki ne ya riƙe shi. Aikin me? Allah dai Ya yafe mana. Shehu ya zo a ƙarshe da izini a hannu. Baba ya buɗe baki zai yi godiya, shehu ya tare shi ya ce shahada ya ji da kunnensa, ita ya kai, sauran ba nasa ba ne.

Aka ɗauke shi kafin la'asar, aka gangara da shi Harami don salla, daga nan maƙabartar Ma'ala. Mata ba sa bin gawa. Na tsaya a kan dutse ina kallon makarar tana lilo a kafaɗu har kwana ta ɓoye ta. Manya suka sauke ajiyar zuciya, su nasu ya wuce. Ni nawa a ranar ya fara.

Na rame har Inna ta kai ni wurin mai magani, aka ce tsutsar ciki ce. Kullum in na idar da salla sai in roƙi Allah Ya bar Kaka a inda yake, in ce Masa ai taurin kai ne kawai irin na tsofaffi, ba da nufi ba ne. Wani lokaci in ji tsoron ko addu'ar tawa ce za ta tuna wa mala'iku da shi, sai in bari, sai kuma in ji tsoron barin. Yara a bazan sun koma kirana jikar Falma, in sun faɗa sai in waiga in ga wa ya ji. Haka na yi ta ɗauke da abin nan ni kaɗai, aikin hajji ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce.

A Makka kabari ba na mutum ɗaya ba ne. Ba a rubuta suna, kuma in an ɗauki lokaci sai a buɗe, a tattara ƙasusuwan a gefe, a sa wani. Ɗaya daga cikin masu haƙa mutumin unguwarmu ne. Wata safiya ya biyo ya gaya wa Baba cewa layin da aka sa tsoho ya zagayo, yau za a buɗe, wani alhaji daga ƙasar Jawa za a kwantar. Ina wanke-wanke na ji. Baba ya fasa fita dako, ya sa rigarsa ta Juma'a ya bi shi.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Na fasa kwanon sha, Inna ta zage ni, ban ji ba. Na gangara har gindin dutse na zauna a kan wani dakali inda zan hango shi tun daga nesa, ina ta ganin jan gashi a cikin rami. Da ya ɓullo, tafiyarsa na fara dubawa, ko ta mai ɗauke da mugun labari ce. Gwiwoyin rigarsa duk ƙasa. Ban taɓa tare Baba a hanya ba, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba, amma ranar na sha gabansa.

"Baba, shi ne a ciki?"

Na zaci zai daka mini tsawa. Sai ya tsaya ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya zauna a kan dakalin, mutane suna wucewa.

"Ni ma abin da ya kai ni ke nan," in ji shi.

Ashe shi ma ya ji labarin raƙuman. Ashe duk tsawon lokacin nan, ƙaton mutum mai ɗaukar buhu biyu a ka, da abin yake kwana yake tashi, muna ɗaki ɗaya ba wanda ya san na wani. Na ce to me ya gani. Ya buɗe tafukansa yana kallo. Ya ce shi ya shiga ramin da kansa, ya tattara su ɗaya bayan ɗaya, ya juya kowanne ya duba.

"Ƙashi ne, 'yar nan. Fari fat. Ba ya faɗin na wane ne."

Sai ya rufe fuska da hannayen nan masu ƙasa, kafaɗunsa suna rawa, a bakin hanya, a gaban masu tuwo. Na zauna kusa da shi har ya gama. Muka hau gida, ba mu ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Yau dutsen namu babu shi, an fasa an yi titi da dogayen benaye, ko ni sai in ɓata a wurin. Ruwa yana zuwa har banɗaki, ba mai sanin garwa. Na samu iƙama da tsufana, a gurbin sunan gida an rubuta Hausawi kamar kowa, don Baba bai yarda sunan nan ya bi mu ba. Yaran gidan nan Larabci ya cinye musu baki, in na yi musu Hausa sai su amsa da rabi. Wata rana na sa ɗaya ta duba mini a wayarta, ta daɗe tana lalube kafin ta gano Palmer ake rubutawa. Ta karanto mini, sai ga reshen dabino, sai ga Baitul Muƙaddas, daidai yadda mutumin da bai san garinsu ba ya faɗa a kan tabarmar mutuwa. Ta ce abin sha'awa, ta koma kallonta. Su yanzu suna ba ya hana kowa rami, ba ya hana kowa barci.

Ni ce ta ƙarshe da ta ji labarin daga bakinsa, kuma ƙafafuna sun fara kumbura. Na tara 'ya'yana na gaya musu, ranar da aka fito da ni, in wani a sahu ya tambaya gawar wa ce, kada su tsaya a sunan Baba. Su ce jikar Falma ce, da ƙarfi, yadda na baya zai ji. Babban ya ce, Hajiya, ba kya tsoron abin da mutane za su ce? Na ce ba mutane ba, har raƙuman ina tsoro. Amma su faɗa.